An Ce Ƙarshen Ba Daɗi: A Ɗauki Littafi na Biyu Ko A Haƙura?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu karanta littattafan hikaya, musamman irin waɗanda ake fitarwa kashi-kashi. Mutum ya gama na ɗaya, labari ya shiga ransa, ya saba da mutanen ciki har yana tunaninsu a kan hanyarsa ta zuwa aiki. Sai wani mai saurin baki ya tsegunta masa cewa ƙarshen ba daɗi: wanda yake so zai mutu, ko auren da ake ta jira ba za a ɗaura ba, ko azzalumin ne zai ci riba. Nan take jiki ya yi sanyi. Wasu za su ce masa ya tsaya inda yake jin daɗi, duniya ma ta ishi mutum da ɓacin rai ba sai ya saya da kuɗinsa ba. Wasu kuma su ce wanda ya fara dole ya ƙarasa. A ganina ɗacin ƙarshe shi kaɗai bai isa ya yanke wannan hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya yi wa ɗacin nan aiki tun daga shafukan farko, ko kuwa daga sama ya jefo shi.

Misali mafi kusa da mu shi ne littattafan nan uku na Chinua Achebe da ake haɗawa wuri guda. Things Fall Apart ya fito a Landan a 1958, No Longer at Ease ya biyo baya a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, sai Arrow of God a 1964. Ɗimbin waɗanda suka yi sakandare a ƙasar nan sun karanta na farko, wasu don jarrabawa wasu don sha'awa, kuma da yawa a nan suka tsaya. In an ce musu sauran biyun ba su fi na farkon sauƙi ba, gaskiya aka gaya musu. Wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, to ya sani daga nan zan fasa ƙwan gaba ɗaya.

Okonkwo, jarumin Umuofia, ya sare masinjan kotun Turawa da adda, ya duba ya ga mutanensa ba za su bi shi yaƙi ba, ya je ya rataye kansa. Jikansa Obi, wanda gari ya tara kuɗi ya tura Ingila karatu, ya ƙare a gaban alƙali a Legas saboda cin hancin fam 20. Ezeulu, sarkin tsafin Umuaro, ɗansa Obika ya mutu, shi kuma ya zauce, jama'arsa suka kwashi doyarsu suka kai coci. Littafi uku, ba ko ɗaya da aka tashi ana guɗa.

Mai karatun da ya ja da baya, in ka zauna da shi, za ka ga ba hawaye yake gudu ba. Mutanen da ke cewa ba sa son labarin baƙin ciki su ne za ka tarar sun kwana suna kallon fim ɗin Indiya suna share ido. Abin da yake tsoro iri biyu ne. Na ɗaya, kada a yaudare shi: ya ba da kwanakinsa da zuciyarsa, a ƙarshe ya gane marubucin wasa yake yi da hankalinsa. Na biyun ya fi zurfi, shi ne kada littafin baya ya ɓata masa na gaba. Domin ƙarshe yana komawa baya ya sake wa farko kama. Da zarar ka san yadda Okonkwo ya ƙare, ba za ka sake karanta kokawarsa da Amalinze a shafin farko da irin annashuwar da ka yi a karon farko ba. Wannan tsoro na biyu yana da hujja, kuma ba na raina mai shi.

To amma a dubi yadda Achebe ya kai Okonkwo ga igiyar nan. Tun babukan farko an nuna mana mutum wanda tsoro ɗaya ke juya rayuwarsa, kada a ce ya yi kama da ubansa Unoka, mai busa sarewa da cin bashi, wanda ya mutu bai bar komai ba. Yaron nan Ikemefuna ya shekara uku a gidansa yana kiransa uba. Da gari ya yanke hukuncin kashe yaron, dattijo Ezeudu ya zo takanas ya ce masa kada ya sa hannu. Ya bi su daji, kuma da yaron ya rugo wurinsa yana neman ceto, shi ne ya ƙarasa shi, don kada a ce ya yi rauni. Wanda ya karanta wannan babi da idon basira ya riga ya san mutumin nan ba zai mutu a kan shimfiɗarsa ba. Bindigar da ta fashe a wurin jana'izar Ezeudu ta kashe ɗan mamacin, korar shekara bakwai zuwa Mbanta, komawar ɗansa Nwoye wurin 'yan mishan, duk matakala ce ɗaya bayan ɗaya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. In ka rufe littafin za ka ji zafi, amma ba za ka ce an cuce ka ba.

Ɗayan nau'in ɗacin, wanda ake jefowa daga sama, mun san shi sarai a kasuwar littattafanmu. Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano, marubuci shi ke biyan kuɗin ɗab'i da kansa, kuma sau da yawa cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu. Saboda haka dole shafin ƙarshe ya bar mai karatu a rataye: an ji ƙarar taka burki, an kwashi amarya zuwa asibiti, sai mu haɗu a littafi na gaba. Yau da karatun ya koma waya salon bai mutu ba, shafukan farko kyauta ne, daidai inda rai ya tsaya nan ake cewa a biya. Ba na ganin laifin mai neman halalinsa, kuma cikin marubutan nan akwai gwanaye na gaske waɗanda mutuwa a labarinsu ba ta zuwa sai da dalili. Amma akwai waɗanda in labari ya cushe musu sai su aiko da haɗarin mota ko ciwon da ba a taɓa ambata ba, ya ɗauke wanda ya tsaya musu a hanya. Irin wannan baƙin ƙarshe ba ya koya wa mutum komai game da mutanen labarin, domin da an kashe wani daban ma labarin bai canja ba. In ka lura tun a na ɗaya marubucin ya saba wannan ɗabi'a, ajiye littafinsa ba asara ba ce.

Abin lura, adabinmu na farko bai ji tsoron ɗaci ba. Cikin littattafan da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare hamada, kuma da Allah ya haɗa fuskokinsu ba ta daɗe ba ta cika. Gefe guda kuma ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kashi uku, inda makirci ke komawa kan mai shi, aku ya ƙare da sarautar waziri. Duka biyun mun riƙe su, ba wanda ya kori wani daga makaranta.

Yanzu ga abin da mai tsayawa a Things Fall Apart yake rasawa, kuma nan ne hujjata ta fi ƙarfi. A littafin farko Nwoye ya fice daga gidan ubansa, daga nan kusan ba mu ƙara jin muryarsa ba. A na biyu sai ga shi ya tsufa, sunansa Isaac, ya yi ritaya daga aikin koyarwa a coci, fanshonsa bai taka kara ya karya ba. Ɗansa Obi ya dawo daga Ingila ya sami aikin gwamnati da mota da gida a Ikoyi, yana son ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Clara. Matsalar ita ce Clara osu ce, wato daga zuriyar waɗanda aka keɓe wa gunki tun kaka da kakanni, ba a auratayya da su. Obi ya je gida yana ganin ubansa Kirista ne, magana za ta yi sauƙi. Tsohon ya ƙi.

Wanda ya fara da littafi na biyu zai ga uba mai taurin kai ne kawai. Wanda ya zo daga na farko kuwa zai tuna cewa a Mbanta, cocin da Nwoye ya gudu ya shiga shi ne wanda ya buɗe wa osu ƙofa, har malamin cocin, Kiaga, ya tsaya kai da fata a kan sai an karɓe su ko da wasu za su fice. Yaron da ya bar gidan ubansa saboda zuciyarsa ba ta iya ɗaukar zubar da tagwaye a daji da kisan Ikemefuna, shi ne yau yake gaya wa ɗansa cewa akwai mutanen da ba a aure. Kuma a wannan ziyara ce tsohon ya buɗe baki ya faɗi abin da muka jira tun littafin farko: yadda ya bar gida da la'anar uba a kansa, yadda labarin mutuwar Okonkwo ya iske shi ya ƙi zuwa jana'iza duk da Baturen mishan ya ce ya je, da yadda har yanzu Ikemefuna ke cikin ransa. Daga baya uwar Obi ta rasu, shi ma bai je ba, kuɗi ya aika. A Legas wani ɗan garinsu ya tuna wa jama'a cewa ai haka ubansa ya yi, abin a jini yake. Shafuka kaɗan ne, amma in ba ka karanta su ba rabin labarin gidan Okonkwo ka sani.

Akwai kuma wani wuri da nake jin Achebe yana yi wa kansa tambaya. A ganawar ɗaukarsa aiki, hira ta kai Obi da shugaban kwamitin ga wani littafin Graham Greene wanda jaruminsa ya kashe kansa. Obi ya ce kashe kai ɓata irin wannan labari yake yi, domin yana kawo wa mai karatu sauƙi, alhali masifa ta gaskiya ba ta da ranar yankewa, tafiya take yi. Jikan Okonkwo ne fa ke faɗin haka, shekara biyu bayan marubucin ya rufe littafinsa na farko da igiya. Sai kuma labarin Obi ya bi ra'ayin nasa: ba jini, ba adda, sai bashin fam 800 na ƙungiyar 'yan gari, kuɗin inshorar mota, kuɗin makarantar ƙane, takardar haraji, har ranar da mutumin da ya yi ta zagin masu cin hanci ya bar kuɗi a kan teburinsa bai mayar ba. Duk ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata kuma dangi na kallonsa a matsayin wanda ya samu, ya san wannan gangara.

Sai batun wanda aka riga aka gaya wa ƙarshe, yana ganin an gama ɓata masa. No Longer at Ease da kansa ya amsa wannan, domin da shari'ar Obi aka buɗe shi. Tun babi na ɗaya ka san an kama shi, alƙali da Turawan kulob da 'yan Umuofia duk suna mamakin yadda yaro mai ilimi irin wannan ya yi haka, sauran littafin kuwa amsar mamakin ne. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an gaya musu ƙarshe tun kafin su fara, wasu ba a gaya musu ba, suka tarar galibi waɗanda suka san ƙarshen sun fi jin daɗin karatun. Gajerun labarai ne, ba jerin littattafan da mutum ya shekara yana bi ba, kuma binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba, don haka ba zan ɗora masa kaya da yawa ba. Mu dai mun san abin tun kafin masana. Ba wanda ke zama jin tarihin Sarkin Musulmi Attahiru bai san cewa a Burmi aka kashe shi a 1903 ba, amma in mai ba da labari ya iya, tun daga fitarsa Sakkwato ake yin tsit.

Duk da haka tsayawa ba laifi ba ne, kuma akwai marubucin da ya faɗi haka da bakinsa. Stephen King na Amurka ya fitar da littafin farko na jerin The Dark Tower a 1982, na bakwai a 2004. Dab da ƙarshe, bayan ya sallami abokan tafiyar jarumin cikin yanayi mai ɗan daɗi, sai ya juyo ya yi wa mai karatu magana kai tsaye, ya ba shi shawarar ya rufe littafin a nan. Wanda ya ƙi ji ya buɗe shafukan da suka rage zai ga jarumin, Roland, ya kai ƙololuwar hasumiyar da ya ƙarar da rayuwarsa yana nema, ƙofa ta buɗe, ta mayar da shi hamadar da labarin ya fara. Masu karatu sun rabu a kan wannan har yau. Ni abin da ya burge ni shi ne mutumin ya yarda cewa mai karatu yana da haƙƙin zaɓar inda zai sauka.

Kuma lokaci yana da nasa hukunci. Wanda bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba, ba zan miƙa masa No Longer at Ease ba, akwai babin da uwar Obi ke kwance ta rame tana gaya masa abin da za ta yi wa kanta in ya auri Clara tana raye. Wanda ya taɓa rasa wani ta hanyar da Okonkwo ya tafi, shi ya san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, ba mai sharhi ba. Littafi abinci ne da ba ya lalacewa don an rufe shi an ajiye, bayan shekara biyar yana nan yadda aka bar shi. Ban da haka, littafin na biyu yana da rauninsa. Clara ba ta sami filin da ya kamace ta ba, an zubar da cikinta, ta yi jinya, ta ɓace daga labarin, muna jin zafin abin ta wajen Obi kawai. Mai karatun da ya ce wannan ya ishe shi bai yi kuskure ba.

Abin da ba na goyon baya shi ne a matsa wa marubuci ya sauya ƙarshe don a ji daɗi. An taɓa yi. Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes, a 1893 ya jefa shi a magangarar ruwan Reichenbach ta Suwizalan tare da abokin gabarsa Moriarty. Jama'a suka yi ta ƙorafi, masu buga mujallu suka zo da kuɗi masu kauri, a 1903 sai ga Holmes ya dawo Landan yana bayanin cewa ai shi bai faɗa ba, dutse ya hau ya ɓuya. A labarin mai binciken laifi wannan ya wuce, don ba mutuwarsa ake bi ba, basirarsa ake bi. A gwada yi wa Okonkwo haka, a ce abokinsa Obierika ya iso da wuri ya yanke igiyar. Da an rasa shafin ƙarshe, inda Baturen gunduma ya dubi gawar ya fara lissafin cewa labarin mutumin nan zai yi babi guda a littafin da yake rubutawa a kan mallakar ƙabilun yankin, sannan ya sake tunani ya rage shi zuwa sakin layi ɗaya. Mun yi kusan shafi ɗari biyu tare da mutum, wani ya zo ya taƙaita shi haka. Saboda wannan shafin aka rubuta littafin. Marubutanmu na waya suna fama da irin wannan matsi kullum, masu karatu na roƙo kada a kashe musu wance, kada a raba wane da wance, kuma wanda ya ci ladan kuturu ya san aski na jiransa. Nakan ji tausayinsu, don ba kowa ke iya cewa a'a ga wanda ya biya ba.

Arrow of God kuwa ba ruwansa da zuriyar Okonkwo, ya koma baya zuwa shekarun 1920. Ezeulu ba mai saurin hannu ba ne, mutum ne mai hangen nesa wanda da kansa ya tura ɗansa Oduche wurin 'yan mishan don ya zama idonsa a can. Turawa suka ba shi sarauta ya ƙi karɓa, suka tsare shi kwana 32 a Okperi. Aikinsa ne cin doya ɗaya mai tsarki duk sabon wata, kuma sai ta ƙare yake sanar da bikin sabuwar doya. Watannin da suka tsaya yana tsare bai ci ba, da ya dawo ya ce ba zai haɗa biyu a wata ɗaya ba, ko da amfanin gona zai ruɓe a ƙasa. Har ka rufe littafin ba za ka iya rantsuwa ba ko biyayya yake yi wa abin bautarsa, ko fansa yake ɗauka a kan mutanen da suka bari aka tafi da shi. Da aka sake buga littafin da gyare-gyare a 1974, Achebe ya nuna a gabatarwa cewa cikin littattafansa wannan ne aka fi tsammanin a same shi yana sake karantawa. Wanda zai iya ɗaukar guda ɗaya kawai bayan na farko, wannan zan ce ya ɗauka.

Sai dai ya san abin da ya bari. Da farko Achebe labari ɗaya ya tsara mai ɗauke da kaka da ɗa da jika, daga baya ya raba shi. Na kaka ya zama littafin 1958, na jika ya zama na 1960. Na tsakiya, wato labarin Nwoye da tsararsa waɗanda suka bar addinin iyayensu, irin tsarar mahaifin Achebe kansa, bai rubuta shi ba har ya rasu a 2013. Abin da muke da shi na bakin Nwoye shi ne hirar nan ta dare tsakaninsa da Obi, kuma tana cikin littafi na biyu.